Shekarar da Na Leƙa Rumbun Baffa

A wajen sunan 'yar Hadiza na ji maganar da ta sa na nemi biro da takarda. Ina zaune a ɗaki ana ta hayaniya a tsakar gida, sai na jiyo ɗaya daga cikin jikokina tana ba ƙawarta labari, wai kakarta ce ta taɓa leƙa rumbu hatsin ciki ya rikiɗe ya zama ƙasa. Da alfahari ma take faɗa, kamar wadda kakarta ta iya rufa-ido. Aka yi dariya, ni ma na yi, amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. Ashe haka labarin ya iso gare ku. To, 'ya'yana, tun ina da sauran hankalina bari na faɗa muku yadda aka yi, don ni na hau, ni na gani, kuma ni na sha abin da ya biyo baya.

Kun san ni 'yar Gwarzo ce. Mahaifiyata tukwane take sarowa ta sayar a gida, ni ce mai kai mata kasuwa. Abu na farko da ta koya mini shi ne ba a sayen tukunya da ido. Sai ka ɗaga ta ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa: mai lafiya za ta amsa garau, mai tsaga kuwa, ko tsagar ba ta fi silin gashi ba, muryarta a dushe take. Tun daga nan na ɗauki ɗabi'ar da ban rabu da ita ba har yau. Ƙwarya, kabewa, ƙyauren ɗaki, har kan ƙannena, babu abin da ban ƙwanƙwasa ba don in ji me ke ciki. Mahaifina yakan ce bakina da yatsana ba su san hutu ba. Da wannan halin aka kai ni Gude, gidan kakanku Baffa, inda ba a son yawan tambaya.

Su Baffa asalinsu masu kiwo ne. Kakansa ne ya ajiye sanda ya kama fartanya, amma har lokacin da na zo akwai 'yan shanu a bayan gida, kuma kunyar nan ta mutanen daji tana nan ba ta rage ba. Babanku ɗan fari ne, saboda haka Baffa bai taɓa kiran sunansa ba. In sun haɗu a zaure, ɗaya ya dubi gabas ɗaya ya dubi yamma. In Baffa yana son a gyara shinge, sai ya tsaya a tsakar gida ya ce shingen nan ya faɗi, kamar da iska yake magana, da safe a ga babanku yana kafa itace. Ni kuwa matar ɗan fari, kunyar ta zama biyu. Daga nesa nake durƙusawa in gaishe shi, ya amsa yana duban wani wuri. In maganata ta taso, 'yar Gwarzo yake cewa. Da farko abin dariya yake ba ni, har nakan tambayi babanku yadda aka yi gida mai mutum goma sha shida yake tafiya babu mai yi wa wani magana kai tsaye. Ya ce ai ga shi yana tafiya.

Surukata, Inna, ita ce makarantata ta biyu, kuma duk abin da kuke tsokanata da shi yanzu na tara tarkace a wajenta na koya. Ban taɓa ganin matar da ba ta zubar da komai kamarta ba. Kuɓewa in ta yi yawa da damina a yanka a shanya. Rama da zogale da tafasa a busar a inuwa a ɗura a buhu. Tumatir a tsaga a yi kauɗa. Wake a cakuɗa da toka a zuba a tulu a liƙe bakin da laka, sai ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba. Ƙasari na awaki ne, dusa ta kaji, kashin shanu a busar a tara don ranar da itace ya jiƙe. Ashana ma a gwangwani mai murfi take, a rataye can sama. Wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne kullum in ta auno tsabar tuwo, sai ta sa hannu ta damƙo ɗaya ta shige ɗaki da shi. Na yi kwana uku ina kallo, a na huɗu na kasa haƙuri.

"Inna, wannan hannu ɗayan na waye?"

"Na baƙon da ba ya sallama."

"Wane baƙo ne haka?"

"Ke dai 'yar Gwarzo tambayarki ta fi gashin kanki yawa. Yunwa, ko ciwo, ko gobara. A cikinsu wa kika taɓa ji ya aiko cewa yana tafe? Ba a fafe gora ranar tafiya."

Tuluna ne a bayan gadonta take zubawa. Tuwon kuma bai taɓa kasa kowa ba don an rage hannu ɗaya, na lura da wannan sosai.

Wannan tanadin mata ke nan. Tanadin maza yana bayan ɗakin Baffa, rumbuna uku na ƙasa a jere. Biyu ake ci a ciki. Na ukun, wanda ya fi su girma, yana zaune a kan duwatsu a jikin katanga, kuma duk gidan Dattijo ake ce masa. Shekara biyu kafin a kawo ni aka yi wata damina mai albarka, Baffa ya cika shi da gero da zangarniyarsa, dami bisa dami, ya liƙe bakin da laka ya ɗora jinka. Dokarsa uku ce. Ba a buɗe shi sai an ga ƙasan sauran biyun. Ba mai buɗewa sai Baffa da hannunsa. Mace kuwa ba ta leƙa shi, don an ce in ta leƙa albarkar gudu take. Na tambayi Inna ina albarkar take zuwa in ta gudu, ta ce haka suka tarar, in kuma ina son zaman lafiya in bar maganar. Duk shekara Baffa yakan sabunta masa jinka ya yaɓe bayansa sumul. Ba ƙaramin ji da shi yake ba.

A shekarata ta biyu a gidan ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi, dawa kuwa ko kai ba ta fitar da kyau ba. Abin da aka kawo gida bai kai rabin na bara ba. Maƙwabta masu dabara suka fitar da dabbobi tun da kaka, suna da ƙiba, suka sayi hatsi tun bai tashi ba. Aka ba Baffa shawara ya yi haka, ya ce shi ba zai rabu da saniya ba alhali Dattijo yana tsaye. Har ɗiba yake daga rumbunan nan biyu yana aika wa dangi da abin ya fi shafa. Kowa a gidan hankalinsa kwance. In yara sun yi ɓarnar tuwo Inna ta yi faɗa, sai ka ji wani ya ce ai Dattijo yana nan. Ni ma haka nake cewa, ga shi lokacin ina da cikin babban yayanku, wanda har yau ba na faɗar sunansa, kun ga ni ma kunyar ta kama ni.

Kaza ce ta fara tona zancen. Da can kajin gidan a ƙarƙashin rumbuna suke wuni, amma ciwo ya shigo ya kwashe su, saura guda ɗaya. Na lura kullum tana kutsawa can baya, tsakanin Dattijo da katanga, tana tono a wuri ɗaya. Me take samu a can? Wata rana da hantsi na bi ta. Ashe ruwan damina ya tara rairayi a lungun har ya kusa binne dutse ɗaya, kuma daga rairayin ga wani siririn layi na jar ƙasa, kaurin ɗan yatsa, ya hau dutsen ya shige gindin rumbun. Na sa farce na karya shi, sai ga gara tana zubowa. Gara ba baƙuwa ba ce a kowane gida, wannan kaɗai ba zai tayar mini da hankali ba. Amma yatsana bai jira shawarata ba, na ƙwanƙwasa. Na koma kan sauran biyun na gwada: inda hatsi ya kai, muryar tana da nauyi, inda ya ƙare kuma tana amsawa kamar ganga. Na dawo kan Dattijo. Can sama inda hannuna ya iya kaiwa akwai nauyi. Tsakiya fayau. Ƙasa kuwa ba muryar hatsi ba ce ba kuma ta wofi ba, irin wadda za ka ji ce in ka bugi suri. Mako guda na yi ina zagayowa ina saurare kamar ɓarauniya, kullum amsar ɗaya ce.

Na sami babanku da la'asar yana saka wa fartanya ƙota.

"Malam, rumbun nan na Baffa muryarsa ba ta yi mini ba."

Ya ɗago ya dube ni. "Yau kuma rumbu ne ya yi murya?"

Na faɗa masa komai, kaza da rairayi da gara. Ya saurara har na gama, na ga jikinsa ya ɗan yi sanyi, amma sai ya girgiza kai.

"Ki rufa mini asiri. Mutumin da ko sunana ba ya faɗa, in tsaya gabansa in ce matata ta ƙwanƙwasa rumbunka? Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Shi ya liƙe abinsa, ya san abin da ya zuba."

"Ya san abin da ya zuba shekara huɗu da suka wuce. Na yau fa?"

"Ki faɗa wa Inna, ai ku kuke shiri."

Na faɗa wa Inna. Ita ba ta yi mini dariya ba. Ta bi ni lungun ta durƙusa ta duba, sannan ta share rairayin ta barbaɗa toka, ta ce za ta yi masa magana. Washegari da ta kai masa ruwan alwala na laɓe a bayan zana, don ba zan iya zama ban ji ba.

"Malam, kazar nan tana yawan tono a gindin Dattijo."

"Kaza ai ta san inda arziki yake," in ji Baffa.

Shi ke nan. Ta dawo ta same ni ta ce ta faɗa. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ban ga laifinta ba, iyakar abin da bakinta zai iya ɗauka ke nan. A gidan nan magana kamar ruwa take a tafin hannu, kafin ta wuce mutum biyu saura danshi.

Ga abin da ke gabanmu, ku duba da kyau. Lokacin tsakiyar rani ne. Shanu suna da sauran tsoka, hatsi a kasuwa bai gama tashi ba. Rumbunan nan biyu za su kai mu wajen faɗuwar ruwa. In aka bi doka, ranar da za a buɗe Dattijo ita ce ranar da shanu suka gama ramewa da bazara, hatsi ya yi tsadar da ba a taɓawa, ga aikin gona, ga baki goma sha shida, ga ni da jego a tsakiyar marka. In gero yana ciki, ba a rasa komai ba. In babu, to wata uku ne tsakanin sani da rashin sani, kuma a cikin wata ukun nan ne gida zai tsira ko ya watse. Ina son in ce muku wannan lissafin ne kaɗai ya hau da ni, amma ba zan yi muku ƙarya da furfurata ba. Rabi ne. Ɗaya rabin kuwa so nake kawai in sani. Na kai ko tuwo na sa a baki, tunanina yana cikin rumbun nan.

Ranar wata Juma'a maza suka tafi masallaci Kabo, Inna ta shiga maƙwabta barka, sauran matan gidan suna ɗakunansu saboda rana. Na jawo tsani na jingina. Na hau da cikina wata biyar. Jinkar ta fi ƙarfina, da kafaɗa na ture ta har ta sulale ta faɗi ƙasa. Na sauko na ɗauki taɓarya na koma, na yi bisimilla, na daki lakar da aka liƙe bakin da ita. A bugu na uku ta fashe. Na cire ɓaraguzan na leƙa.

Gero ne. Dami a jere, zangarniya cike da ido, fes kamar jiya aka zuba. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba. Na fasa rumbun surukina, na karya dokar gida, duk a kan kaza da yatsa. Na tsaya a kan tsani ina tunanin abin da za a gaya wa mahaifiyata in an mayar da ni Gwarzo. Har na fara sauka, sai na ce tunda na riga na jiƙe bari in yi wankan gaba ɗaya. Na soka taɓaryar tsakanin dami biyu na danna. Ba ta tsaya ba. Ta wuce kamar na soka ta a rami, ta suɓuce daga hannuna ta tafi, na ji ta faɗi can ƙasa. Sai dammunan da ke tsakiya suka rufta suka bi ta, ƙura mai warin ruɓa ta taso ta cika mini hanci. Da ta lafa na sake leƙawa. Layi biyu na sama ne kawai gero, suna maƙale da juna a wuyan rumbun. Daga nan zuwa ƙasa gara ta cinye, ta gina gidanta na jar ƙasa, tana ta kai da komo. Daga ƙasa take ci ta bar sama, shi ya sa ko Baffa ne ya ɗaga murfin ya duba da ido, sai ya ce lafiya lau.

Na sauko na zauna a kan turmi. Babu abin ɓoyewa, ga jinka a ƙasa ga tsani a jingine. Inna ce ta fara dawowa. Ta dubi rumbun, ta dube ni, ta yi salati a hankali.

"Me kika gani?"

"Gara ce, Inna. Saura na sama kaɗai."

Ta dafa katanga. Sannan ta ce, "Shiga ɗaki. Zan ce ni ce."

Ban shiga ba. Ba jarumta ba ce, na dai san babu wanda zai yarda tsohuwa ta ture jinkar nan.

Da Baffa ya shigo, da 'ya'yansa maza a bayansa, bai yi tambaya ba tukuna. Ya cire babbar rigarsa ya miƙa wa Inna, ya hau tsanin da kansa. Ya daɗe a sama, kansa a cikin rumbun. Da ya sauko, hannunsa na dama cike yake da jar ƙasa. Ya tsaya yana murza ta tana zuba.

"Wa ya buɗe?"

"Ni ce, Malam," in ji Inna.

"Ni ce, Baffa," na ce. Ranar ce farkon da na yi masa magana ba gaisuwa ba.

Bai dube ni ba. Ya ce da Inna, "Tambaye ta wa ya aike ta."

"Babu wanda ya aike ni. Na ji muryarsa ba daidai ba, na so in sani."

"To ta sani," ya ce. Ya karkaɗe hannunsa ya shige ɗaki, bai fito ba sai da aka kira magariba.

Kafin kwana biyu zance ya zagaye unguwa cewa 'yar Gwarzo ta leƙa rumbu gero ya zama ƙasa. Duk mai hankali ya san gara ba ta gina suri tsakanin azahar da la'asar, amma labarin ya fi daɗin faɗa a haka. Har wata tsohuwa ta riƙa rufe kwanon awonta in na shigo. Baffa bai taɓa faɗar haka ba, sai dai bai taɓa ƙaryatawa ba. Abin da ya yi shi ne, ranar kasuwa ta gaba ya fitar da bijimai biyu, ya kuma fitar da wata saniya da maraƙinta, wadda jininta ya fito tun daga garken kakansa. Bai bar kowa ya riƙe mata igiya ba, shi ya ja ta har Gwarzo. Da yamma jakuna suka shigo da buhunan dawa. Ina kallonsa ta kafar zana ya wuce wajen turken da ake ɗaure saniyar, ya tsaya, sannan ya tsugunna ya kwance guntuwar igiyar da ta rage ya shiga da ita ɗaki. Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa kaina.

Daminar nan mun ji jiki, ba zan ɓoye muku ba. Tuwo sau ɗaya a wuni, da safe kunu, da rana kwaɗon rama ko tafasa. A nan tarkacen Inna suka nuna kansu. Buhunan ganye suka fito, kauɗa ta fito, aka fasa tulunan wake aka tankaɗe toka, ko ɗaya bai huje ba. Na haihu a tsakiyar marka, kuma duk kunun kanwar da na sha na jego daga hannu ɗayan nan ne da take ragewa, ashe tulu bakwai ta cika. Gidajen da suka jira sai da rumbu ya ƙare sun sayar da shanu a wulaƙance, wasu maza suka bar gona suka tafi birni neman abin kai wa baki. Mu babu wanda ya tafi, babu wanda ya kai ƙwarya gidan wani, aka yi noma aka kai kaka. Shi ya sa kuke ganina har yau ina zazzage buhu ina sa hannu har ƙasa, ina buɗe jarka ina sansanawa. Ajiyar da ba a dubawa ba a san ko ta wa ce ba.

Babu wanda ya ce mini sannu, ban kuma sa rai ba. Abin da ban zata ba shi ne fura. Tun zuwana gidan ni nake dama wa Baffa furar rana, don Inna ta ce ya fi son hannuna. Daga Juma'ar nan, in na aika ƙwaryar sai ta dawo da faifanta a rufe yadda na kai. Inna ta riƙa dama masa wata. Ni kuma ban daina aikawa ba, rabi taurin kai, rabi ina son in ga ranar da zai buɗe. Bayan an yi kaka na tambayi Inna muna sussuka.

"Inna, Baffa ya san gara ce, ko?"

"Ya sani mana. Ba shi ya ɗebo ƙasar da hannunsa ba?"

"To ni me na yi masa?"

Ta jingine taɓarya ta dube ni. "Shekara huɗu yana yi wa gara sabuwar jinka, ya hana kowa magana. Sai matar ɗansa ta fari ta nuna masa, a gaban 'ya'yansa. Ke da kike son sanin komai, wannan ba ki san shi ba?"

Ban san shi ba sai ranar. Da na san shi tun farko ma, ina jin da na hau, amma da na nemi hanyar da zai gani shi kaɗai. Wannan ne kuskurena, kuma shi ne na gaskiya, ba wanda ake ba ku labari ba.

Damina ta gaba ta yi kyau. Da rani Baffa ya sa aka rushe Dattijo aka ƙone wurin, ya kira Malam Tanko magini ya ɗora sabon rumbu a kan duwatsu masu tsawo, nesa da katanga. Gini ya kai wajen kafaɗa sai Inna ta leƙo ɗakina.

"Baffa ya ce ki je ki tsaya a jikin rumbu."

"In yi me?"

"Yau dai ki je ba tambaya."

Na fita da goyo a bayana. Baffa yana zaune a inuwar ɗakinsa ya ba mu gefe, yana jan carbi. Na tsaya a jikin ɗanyen ginin ban san abin da ake nufi ba.

"Baba, a ina za a bar tagar?" in ji Malam Tanko.

"A auna da idonta," in ji Baffa, yana duban carbinsa.

Magini ya sa yatsa ya yi zane a lakar, daidai goshina. Baffa ya ɗan waigo, kallo ɗaya, ya mayar da kai.

"Yi ƙasa kaɗan. Gajera ce."

Aka bar taga wadda hannu zai shiga har kafaɗa, aka yi mata toshi na laka, aka ƙara wata can kusa da gindi. Ba a taɓa yin rumbu mai taga a unguwar ba, mutane suka yi ta zuwa kallo. Daga nan duk wata in ya kama, Inna takan ce in je in duba. In cire toshin, in leƙa, in zura hannu in damƙo, sannan in ɗaga murya in ce, "Inna, lafiya lau," yadda za a ji daga ɗakin Baffa. Bai taɓa tambaya ba, amma na lura ba ya fita a ranar sai ya ji.

Shekara biyar ya ƙara a duniya. Wata sittin ina duba masa rumbu, kullum kuma ina aika fura tana dawowa. Na yi ta zaton wata rana zai ɗaga faifan, ko da mantuwa. Ranar da ya rasu da la'asar, ana ta shiga da fita, na ga ƙwaryata a ƙofar ɗakinsa a rufe yadda na kai ta. Na ɗauke ta kada a yi tuntuɓe da ita, na zagaya bayan rumbu na zauna, na shanye ta ina kuka.